Zoben da Ya Haɗa Gilashin Baba da Kyamarata

Mahaifina ya daɗe yana ɗaukar hoto a Sabon Gari kafin ya rufe shago ya dawo gida Samaru ya zauna. Kyamararsa ta lalace tun ina sakandare, amma gilasanta guda biyu, gajere da dogo, bai yar da su ba. Ya naɗe su cikin tsohuwar hula ya tura ƙasan akwatinsa.

Ni aikina a ɗakin gwajin ƙasa da taki yake, a jami'a, ba ruwana da hoto sai na waya. Wata rana wani malami da muka daɗe muna aiki tare yana kwashe kayan ofis zai yi ritaya, sai ya miƙo mini wata kyamara mai nauyi, bakinta a toshe da murfi.

"Gilashinta ya fashe tun tuni," in ji shi. "Na ji an ce babanki mai hoto ne. Kai masa, ko kallonta ya yi."

Baba bai tsaya ga kallo ba. Ya shafa ta, ya kai ta kunne ya danna, ya yi murmushi. Idanunsa sun yi rauni, yanar ido ta fara rufe na dama, don haka ni ya ba ya ce in leƙa ƙaramar tagar da ke samanta. Irin wannan kyamara ba ta cikin gilashi ake leƙawa ba. A tsakiyar tagar akwai ɗan tabo mai haske, inda abin da ka nufa yake rabuwa biyu. Sai ka yi ta murza gilashin har biyun su haɗu su zama ɗaya, to a nan hoto zai fito tas.

Ya aike ni na ɗauko hular. Muka gwada gajeren gilashin, ya ƙi zama. Nasa na murɗawa ne kamar murfin kwalba, ita kuwa bakinta haƙora huɗu gare shi, a saka a ɗan juya.

"Ƙanwar kyamarata ce," in ji Baba. "Gidansu ɗaya, baki ne ya bambanta. Akwai wani zobe da ake sawa tsakani. Ciki na murɗawa, waje haƙora. Na taɓa ganinsa sau ɗaya a hannun wani baƙo."

Na shiga waya na yi ta nema har na samu mai sayarwa a Legas. Na haɗa da fim na baƙi da fari da ruwan wankinsa. Bayan mako uku direba ya kira ni in zo tasha. Da na buɗe ƙunshin sai na yi dariya. Duk wannan jira a kan ɗan siririn ƙarfe ne da bai fi bakin kofin shayi ba.

Baba ya murɗa gilashin cikin zoben a hankali, ya sa a bakin kyamarar ya juya, ta ce ƙas. Mahaifiyata da ke tsince shinkafa ta ɗago kai ta ce, "To, an ɗaura aure ke nan?"

Muka fita ƙofar gida. Na nufi kujera, ta haɗu. Na nufi bishiyar mangwaron maƙwabta, ta haɗu. Baba ya ce in nemi abu mafi nisa. Na nufi dogon ƙarfen sadarwa da ake hangowa ta wajen Bomo, na murza gilashin har ya kai ƙarshe, amma ƙarfen yana nan biyu, ɗaya na jingine da ɗaya.

"Saura kaɗan su haɗu, Baba, amma sun ƙi."

"Zoben ya yi kauri," ya ce. "Kaurin bai fi silin gashi ba, amma ya isa. Gilashin bai kai inda ya kamata ya zauna ba. Ranar Asabar ki shirya, akwai wanda za mu je wurinsa, in yana nan."

Yana nan. Dattijo ne mai gyaran agogo, mutumin kudancin Kaduna, wanda ya girma a Sabon Gari kuma yake cikin manyan cocinsu. Teburinsa na nan a wata rumfa tsakanin mai sayar da kayan babur da mai ɗinki. Da ya ga Baba ya sauko daga keke napep, sai ya cire ɗan madubin da ke manne a idonsa ya miƙe.

"Mai hoto, ashe kana duniya?"

"Ina nan, mai agogo. Kai ne ka ƙi tsufa."

Sun daɗe suna gaisawa, suna tambayar mutanen da rabinsu sun riga mu gidan gaskiya. Sannan na miƙa masa kyamarar na yi bayani. Bai fara da zoben ba. Gilashin ya tsura wa ido, ya bi gefen bakinsa da farce har ya tsaya a wata 'yar lanƙwasa.

"'Yata, kin san wannan tabon?" Na ce a'a. "Ranar aurena ne. Babanki yana ja da baya don ya samu dangi duka su shiga, ya buga shi da ƙofar coci. Bayan kwana biyu ya kawo mini, ina ango, ya ce in miƙe masa. Ko amarya ban gama gani ba."

"Ai ka miƙe shi," in ji Baba.

"Na miƙe shi mana. Ga shi ya fi mu lafiya."

Ya ɗauko gutsuren madubi ya shimfiɗa samfefa, takardar goge ƙarfe, mai laushi a kai, ya ɗiga mai, ya kifa zoben ya fara zagayawa da shi da yatsu uku. Ba ya dannawa. In ya yi zagaye kaɗan sai ya goge, ya mayar, ya ce in fita titi in gwada. Na nufi hasumiyar wani masallaci can nesa. Biyu. Na dawo, ya ƙara gogawa. Na sake fita. Biyu, amma sun matso. Kafin zagaye na uku mai ɗinki ya bar kekensa, mai kayan babur kuma yana tambayata da Turancin kasuwa ko sun haɗu, alhali bai san ko mene ne ake so ya haɗu ba.

A karo na huɗu na murza gilashin, hasumiyar ta taho ta shige cikin 'yar'uwarta ta tsaya guda ɗaya. Na sauke kyamarar na sake ɗagawa don in tabbata.

"Ta haɗu, Baba."

Mai kayan babur ya tafa. Baba ya karɓi kyamarar ya kai idonsa na hagu, ya daɗe a haka. Ban sani ba ko ya ga hasumiyar. Da ya sauke dai cewa ya yi, "Sa fim."

Ana cikin haka matar mai agogo ta iso da kwanon abincin rana. Da ta ji labari ta ce ita ba za a ɗauke ta da zanen gida ba. Mijin ya ce ai gilashin ya riga ya san ta. Baba ya zaunar da su a benci, ya juya su wajen haske, kuma muryarsa ta koma irin wadda na sani ina yarinya.

"Madam, ɗaga haɓa kaɗan. Mai agogo, matso, ba baƙuwa ba ce. Ke kuma, idonta za ki haɗa, ba ɗankwali ba. Riƙe numfashi."

Na haɗa idon, na danna.

Washegari da hantsi muka toshe tagar banɗaki da bargo. Baba ya naɗa fim ɗin cikin duhu da hannu kawai, ni ina auna ruwa da lokaci, wanda shi ne aikina dama. Da muka rataye shi a igiyar shanya, mahaifiyata ta zo ta leƙa ƙananan mutanen da fuskokinsu suka yi baƙi, gashinsu fari. Rabin hotunan sun lalace, laifina ne. Na bencin ya fito. Har zaren da ya zare a wuyan rigar mai agogo ana gani, bayansu kuma ya narke ya yi laushi yadda wayata ba ta taɓa yi ba.

Na sa aka buga shi babba na kai musu. Matar ta riƙe shi da nisa, ta matso da shi, ta ce ɗankwalinta ya karkace kuma ba wanda ya gaya mata. Sannan ta ce ranar Lahadi bayan an tashi coci jikokinta bakwai za su zo gida, in zo da abin nan nawa, in taho da Baba, za ta yi masa faten acca.

Mun je. Jikokin suka ƙi tsayawa wuri ɗaya, ina haɗa wannan wancan ya gudu. Baba na zaune a inuwa da kwanonsa yana ba ni umarnin da ba wanda ke ji, mai agogo kuma ya ɗauki dogon gilashin yana juya shi, yana cewa shi ma zobensa daban ne, in an kawo kada a kai wa kowa sai shi.