Ƙusar Gwaggo

A wani shago kusa da gadar Onitsha na fara ganinta, a naɗe a jikin ƙofa: waya fara tas, siririya, mai laushi kamar igiyar alharini. Na tsaya ina kallonta har wani mai amalanke ya daka mini tsawa.

Shekarun da muka dawo kudu ne bayan yaƙin basasa, kuɗin mai ya fara shigowa hannun kowa. Ina taya kawuna sayar da albasa a Enugu, na gina ɗaki da falo a unguwar Ogui saboda aurena da ya matso, na kuma sayi talabijin, saura wayar eriya. Ni kuwa tun ina yaro ƙananan littattafan soyayya na kasuwa suka cika mini kai, kuma a cikinsu ban taɓa karanta falon masoyi da waya ke reto a bango ba. Don haka wajen zance na yi wa budurwata alkawari cewa za ta ga duniya a ɗakinta ba tare da ta ga waya ko ɗaya ba. Ta rufe baki da mayafi tana dariya.

Mai shagon Inyamuri ne da ya tashi a Jos, Hausarsa ta fi tawa gishiri.

"Ango, ka ɗauki baƙar nan mai kauri," in ji shi. "In kuma binnewa za ka yi, ka sa ta cikin bututun ƙarfe."

"Baƙar waya a ɗakin amarya?"

"To ai cikin bango za ta kwana, wa zai gan ta? Aljanu?"

Na dage sai farar. Ya yanka mini yana girgiza kai. Na sa birkila ya binne ta tsirara ƙarƙashin filasta, daga rufi inda eriya take har kusurwar falo. Na gwada, hoto garau. Ban gaya wa kowa inda ta bi ba, don ina so abin ya zo wa mutane kamar sihiri.

Abin da littattafan nan ba su koya mini ba shi ne jere. Ana gobe kai amarya, dangin matata suka sauka daga Kano da kwalla da langa da fanteka, gwaggonta da ta raine ta tana gaba. Ango ba ya shiga ɗaki ranar jere. Ina tsaye bakin titi na ji guduma ta fara, daidai bangon nan da wayar ke ciki. Kowane bugu a ƙirjina yake sauka. Amma da wane baki zan aika wa surukata cewa ta dakata?

Washegari da la'asar mata suka cika falo, maƙwabta na leƙe ta taga, abokaina suka turo ni in kunna. Na kunna. Sai yayyafi fari da baƙi, da wata ƙara kamar ana suyar ƙosai.

"Ango, ruwa ake a garin nasu?" wata ta tambaya. Falon ya kece da dariya.

Gwaggo ta ce, "Ku bar mini ɗa. Wataƙila akwatin ma kunyar surukai yake ji."

Idona na kan babbar ƙusar da ke riƙe da kantar kwallayenta. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da baƙi suka watse na nuna wa amarya wurin da ƙusar ta huda wayar, na ce a cire kantar a fasa bangon a gyara. Ta daɗe tana kallon jeren.

"Tun ina goye Gwaggo take tara kwanukan nan," ta ce. "Kada ka taɓa ƙusarta. Je ka sayo baƙar."

Na koma Onitsha. Mai shagon ya yanko baƙar, sai da ya gama naɗewa ya ce in gaida amarya. Muka shigo da wayar ta taga, baƙa ƙirin, mai kauri kamar igiyar ɗaure akuya, ta ratsa saman kwallayen inda duk mai shigowa zai gani.

Bayan shekaru idon Gwaggo ya mutu, matata ta ɗauko ta ta dawo wurinmu. Kullum da yamma takan zauna ƙarƙashin kantar nan tana sauraron labarai, ta ce, "Ɗana, ruwan nan ya ɗauke kuwa?" In ce ya ɗauke, Gwaggo. A gidan ta rasu, ba ta taɓa sanin inda ƙusarta ta shiga ba.