Soson Motar Baba

Har yau idan na ji ƙamshin ɗanyen man gyaɗa, gabana sai ya faɗi. Bari in gaya maka dalili.

Shekarun bayan samun 'yancin kai, Baba yana jan wata tsohuwar mota Fijo tsakanin garinmu Djougou da Parakou. Hanyar jar ƙasa ce, mota ɗaya ta wuce ka sai ka koma ja har gira. Matatar iskar injin ta yage tuntuni, sabuwa kuma sai Kwatano. Sai Baba ya yanki soson katifa ya ɗaure a bakin bututun da injin ke shaƙar iska. Duk Alhamis yakan wanke shi da kananzir, ya ɗiga masa man inji kaɗan, ya matse har ya kusa bushewa. Ƙura ta manne a soso, iska ta wuce.

Ni kuwa yarinya ce mai karambani, shekarata tara. Wata safiya na tarar Baba ya bar murfin mota a buɗe ya tafi gaisuwa, soson nan a idona ya yi dauɗa. Na kwance shi na wanke tas. Man inji yana kulle, sai na ɗebo man gyaɗan Kaka na tuttula masa har yana ɗiga, na mayar na ɗaure. Ina ta jiran yabo.

Yayata kuwa tana gida da tsohon ciki. Da azahar naƙudar Yaya ta tsananta. Ungozoma ta fito tana share gumi ta ce, "Malam, wannan ta fi ƙarfina. Sai asibitin Parakou."

Aka kwantar da Yaya a baya, kanta a cinyar Inna, ni aka ba ni butar ruwa. Mun ci rabin hanya sai mota ta fara tari, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, ta mutu a dajin da ko akuya babu. Baba ya duba fetur, ya kwance fulogi ɗaya bayan ɗaya yana hurawa. Soso kam bai ko kalle shi ba, tunda jiya da hannunsa ya gyara shi. Yaya ta daina ihu, sai nishi. Shirun nan ya fi ihun ban tsoro.

Ni kuwa na san dalili sarai. Tsoron duka ya riƙe mini harshe, ina kallonsa yana ɓata lokaci, har Inna ta fara yi wa Yaya kalmar shahada.

Na ce, "Baba, soson. Na sa masa man Kaka."

Ya fizgo shi. Soson ya zama curin jan laka, ko allura ba za ta ratsa ba. Babu wani soson, kuma ya san abin da ƙura za ta yi wa injin da ke ciyar da gidanmu. Ya kalli Yaya, ya jefar da curin cikin ciyawa, ya tada mota haka nan.

Mun isa kafin magariba. Yaya ta rayu, jaririn bai zo da rai ba. Likita ya ce an makara kaɗan. Injin kuma bai ƙara wata biyu ba.

Baba bai taɓa dukana ba, bai taɓa tada zancen ba har ya rasu. Yanzu hanyar kwalta ce, matatar iska tana cikin kwali a shagon da ke bakin layinmu a unguwar Ganou. Jikokina suna dariya in na ce soso ya taɓa riƙe mota. Ni ba man gyaɗan ke damuna ba, wannan wauta ce ta yara. Shirun da na yi da buta a hannu shi ne har yau nake aunawa da "kaɗan" ɗin likitan nan.