Baba Jatau da Jan Dokin Dar Salam

Kullum bayan sallar asuba, kafin ya kurɓi shayi, Baba Jatau yana bakin turke a unguwar Dar Salam, yana duba kofaton dawakan da ke jan karo, wato amalanken ɗaukar kaya, ɗaya bayan ɗaya. Shekara talatin ke nan da ya baro gonakin auduga na Jazira ya zauna Omdurman, duk a nan Sudan, kuma wannan ne aikinsa. Ba shi da takardar likitan dabbobi, ko allon suna babu a ƙofarsa.

Bara aka kawo masa wani jan doki da aka tsinta yashe a bayan kasuwa, bayansa duk gyambo, fuskarsa duk tabon bulala. Yana samun ƙarfi ya fara cizo. Ya cafki kafaɗar Jibrin mai karo, saura kaɗan ya tafi da tsoka. Mutanen unguwa suka ce sai a harbe shi.

Jatau ya roƙi wata uku. Ya ja kujera nesa da dokin ya zauna, ya zuba ido kawai. Ran kwana na huɗu ya gano bakin zaren. Duk baƙon da ya shigo sai ya ɗaga hannu ya dafa kafaɗar mai gida, yadda muke gaisawa a nan. Doki kuwa ina ruwansa da gaisuwa? Abin da ya sani, in hannu ya tashi sama, bulala ce za ta sauko.

Sai Jatau ya hana ɗaga hannu a gidansa. Har limamin unguwa bai tsira ba.

"Ya Hajj Jatau, saboda dabba za ka ƙi gaisawa da mutane?" in ji liman.

"Allah gafarta Malam, kai za ka yi fushi ka huce. Shi kuwa dokin, harsashi ke jiransa."

Aka yi ta cewa tsufa ya fara taɓa shi. Ni ma na faɗa da bakina, yau kuma kunya nake ji. Shi dai yana miƙa wa dokin ciyawa daga ƙasa, kullum yana ƙara ɗaga hannun kaɗan, kamar mai gwada zafin tukunya. Sau biyu dokin ya cije shi, ya ɗaure da tsumma ya koma.

Ranar da wa'adi ya cika, Jibrin ya zo da mutane. Jatau ya ɗaga hannu har saman kan dokin. Dokin ya kwantar da kunnuwa, jikinsa na ɓari, amma bai buɗe baki ba. Hannun ya sauka a wuyansa a hankali.

Jibrin ya ce, "Halas, shi ke nan, Baba. A bar shi."

Kai ne, Jatau, mai dafa dutse ya sha romo. Kai ne ka yarda a kira ka marar ladabi don dabbar da ba za ta iya yi maka godiya ba. To, mu mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku kuma masu karo, kafin ku ce doki mugu ne, ku duba bayansa ku ga abin da aka yi masa.