Lauya Yusha'u Ya Tafi, Shari'ar Gidan Mari Tana Nan

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Maris, 1978, ina kan keken ɗinkina a Abakpa labari ya iske ni cewa Lauya Yusha'u Labaran na Unguwar Rimi ya rasu bayan gajeriyar jinya.

Lauya, ni ne Sanda tela. Ka san karatuna, aji uku na elementare, shi ma malamai ne suka riga ni gajiya. In an ga kuskure a rubutun nan a yi haƙuri, mai gyara mini ya kwanta dama.

Ɗinki ya haɗa mu. Ka kawo yadin kaftani, ina gwada ka, sai idonka ya sauka a ƙafar ɗana Hassan. Yana da shekara sha shida ya faɗa shan wiwi da ƙwaya, ni kuma sarkin dabara na kai shi gidan mari, inda aka ce ana ɗaure yara a raba su da shaye-shaye. Ya dawo ƙarfe ya ci idon sawunsa har ƙashi, bayansa duk shatin bulala, ƙafar hagu kuwa ba ta sake miƙewa ba. Ka durƙusa cikin ƙyallayen shagona da kwat ɗinka, ka riƙe ƙafar nan kana dubawa. Da ka ɗago sai ka ce, "Malam Sanda, wa ka kai wa ƙara?" Na ce Allah. Ka ce, "Madalla. Saura kotu."

Unguwa ta yi mini ca. Wai zan tona asirin gidana. Wane asiri kuma, yaron da ke jan ƙafa har Kurmin Mashi kowa na kallo? Wasu suka kwashe ɗinkinsu. Kai kuwa ka ɗauki Hassan a motarka ka kai shi wurin likitan gaske, ba ka taɓa kiransa ɗan wiwi ba, Malam Hassan kake ce masa har ya fara jin kunyar sunan ya shiryu. Ka bi gidajen iyayen da 'ya'yansu ke ɗaure a can, ana rufe maka ƙofa kana komawa.

Ranar da zan ba da shaida ka ja mini kunne, ka ce alƙali ba abokin wasana ba ne. Na yi alkawari. Sai lauyan mai gidan mari ya daka mini tsawa: "Ba kai ka kai shi da hannunka ba?" Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe. Kekena ma ina kai shi gyara, amma ba a taɓa dawo mini da shi da karyayyar ƙafa ba." Ka sunkuyar da kai kana ƙunshe dariya.

To, ga abin da ya faru bayanka. Ranar addu'ar uku muna zaune a ƙofar gidanka, sai ga mai gidan mari da rawaninsa da mutanensa. Da liman ya roƙi jama'a su yafe maka, kowa ya ce ya yafe, sai mutumin ya miƙo mini hannu a gaban taro ya ce, "Malam Sanda, mutuwa ta yi mana wa'azi. Yau ranar yafiya ce, a bar maganar nan." Ya zaɓi wurin da ya san ba a musu. Dattawa suka zuba mini ido. Na ce, "Mamaci aka ce a yafe wa, na yafe masa duniya da lahira. Kai kuwa da ranka, Malam, ga lafiya har da tumbi. Mu haɗu a kotu." An ce na yi rashin kunya a zaman makoki. Na karɓa.

Su sani ba a binne ƙarar tare da kai ba. Lauya Shehu, abokin aikinka, ya ɗauka, iyaye biyu kuma cikin waɗanda suka rufe maka ƙofa sun ce za su yi magana. Har yanzu akwai 'ya'yan mutane cikin ƙarfe a gidan can, ni kuwa surutu ne kaɗai gadona, ban kuma fara taɓa shi ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinka Hajiya Kaltume da yara da dukkan dangi, Allah Ya ba ku haƙuri. Allah Ya jiƙanka, Lauya, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Mu kuma kada Ya ɗauki ranmu sai mun ga an kwance yaran nan. Amin.