Minti na Arba'in da Biyu

Ƙarfe huɗu da kwata na yammacin wata Asabar na tsayar da bidiyon, na kasa sake taɓa kwamfutar.

Goggona ce ta ba ni aikin. An yi sunan jikanta a Gecheme, aka ɗauki bikin da waya. Mai shagon hoto na kasuwar Dogon Dutsi ya faɗi kuɗin da ya sa ta juya. Ni kuwa ina da tsohuwar kwamfutar yayana, da manhajar yanka bidiyo ta kyauta. Za a tura wa dangi da abokan Baba ranar Juma'a.

Ba na yanke abin da ban kalla ba. Kowane minti sai na rubuta shi a littafina na makaranta: liman, rago, mata da ƙwarya. A minti na talatin wani ya jingina wayar jikin rumbu ya manta tana ɗauka. Kaji kawai da bango. Na ci gaba da kallo.

A minti na arba'in da biyu aka fara goge. Kakata, mahaifiyar Baba, ta shigo da baƙin zane, aljanarta Doguwa ta hau ta. Wannan ban yi mamakinsa ba, duk dangi sun san tana bori. Amma da ta tafi za ta faɗi, wani mutum ya shigo da gudu ba takalmi, ya durƙusa, ya tare kanta da hannu biyu. Wandonsa bai kai idon sawu ba. Baba ne.

Baban da ya hana mu ko tsayawa inda ake goge. Baban da ke jan salla a masallacin 'yan kasuwa idan liman ba ya nan. Ranar sunan ce mana ya yi ya wuce garin Kore Mairuwa.

Na mayar baya sau shida. Yana share mata gumi da hularsa.

Na kira Goggo. Ta ce, “Ke ɗiyar boko, mi ya kai ki kallon kaji?” Ta kashe waya. Na nuna wa Inna, mahaifiyata. Ta kalla har ƙarshe, ta ce miyarta na ƙonewa.

Yankewa ba wuya, danna biyu ne. Amma ban san ko asirinsa zan rufe ba, ko kuwa zan goge abin da ya fi kowane minti a bidiyon. In na bari kuma, abokansa na masallaci za su gani. Kwana huɗu ina gaishe shi kaina a ƙasa.

Ranar Alhamis bayan la'asar na ajiye kwamfutar gabansa a kan tabarma, na danna, na koma gefe. Bai motsa ba har gogen ya ƙare.

Na ce, “Baba, in cire?”

Ya daɗe yana kallon fuskar Kaka a allon.

“Tun ina shekara tara ni ka tare mata kai,” ya ce. “Ban yarda da abin ba, ita ma ta sani. Amma ƙasar wurin da tauri. Ki kashe sautin gogen, ɗiyata. Ni da uwata ki bar mu.”