Tsohon da Aka Farke wa Raga

Surukata ce ta fara ba ni labarin fadamar nan ta bayan tabki, inda masu hutu ke biya su kalli tsuntsaye. Rubuta yadda na faɗa, auta, kar ki gyara.

Da na je, daga gadar katako nake hango wani tsoho tsaye a kwalekwale. Ƙafarsa duk faso, amma an sa masa sabuwar riga mai hoton agwagwa. Baƙi na ɗaga waya, sai ya karkace kafaɗa ya watsa raga, ta buɗe kamar faifai. Wallahi hannun nan ya ciyar da gida.

Ya jawo ta wayam. Na ce, "Baba, yau ba sa'a?"

Ya ce, "Hajiya, masu wurin sun farke gindin ragar. Kifin na tsuntsaye ne yanzu. Ni jifa kawai aka ɗauke ni."

Inna lillahi! Ina jin a ruwan nan ubansa ya koya masa su. Allah Ya halicci tsuntsu, ban ja ba, amma tsohon nan ma da ciki Ya halicce shi.

La'asar ta yi, yana kallon rana, yana son fitowa salla. Wata mota ta sauke baƙi, suna ta "Baba, ƙara ɗaya!" Yanzu haka yana can yana jefawa.