Jar Gonar Mudir

Har yau in na zauna zana fuskar wata manhaja, sai ranar da mudir ɗinmu ya kama ɓarawon kwamfuta ta faɗo mini a rai. Lokacin ban daɗe da gama karatu ba, ina aiki a ofishin wata ƙungiyar manoma kusa da Makwar. A takarda ni ce mai kula da na'urori. A gaskiya kwamfuta ɗaya tal muke da ita, mu huɗu muke raba ta.

Mudir ɗin, wato shugaban ofishin, Ustaz Abdullahi, ɗan ƙauyenmu ne, abokin mahaifina, don haka Kawu nake ce masa in babu baƙi. Akwai Hawwa mai buga takardu, da Malam Tijjani mai zagayen gonaki.

Ga waɗanda ba aikinsu ba ne: ma'ajiyar kwamfuta, wadda muke kira hardi, ana iya yanka ta kashi-kashi, kowane kashi da iyakarsa. Tamu na yanka ta uku. Kashi ɗaya na tafiyar da na'urar ne, ɗaya na mudir, babban kuma na rajistar manoma, inda Hawwa ke ajiye sunayen masu hawasha, wato gonakin noman rani, da jerin ranakun da za a sakar wa kowa ruwa.

Ana saura mako biyu a fara shuka, kwamfuta ta ƙi karɓar aikin Hawwa. Ta buga jerin ruwa, ta je adanawa, a ce mata babu wuri. Manoma suka fara zarya. Mudir ya yanke hukunci cewa Hawwa ce ta cika na'urar da waƙoƙin biki, har ya rubuta takardar mayar da ita wani reshe mai nisa, ita da ke da yara uku a makarantar garin. Takardar na kan teburinsa, sa hannu kawai ya rage.

Na duba, cikin minti biyar na ga inda matsalar take. Amma da na fara karanta wa mudir lambobi sai ya ɗaga mini hannu, ya kira ni babbar injiniya da Larabci.

"Bashmuhandisa, ni manomi ne. Giga ɗin nan naki ban san ko buhu ba ne ko mudu. Ki nuna mini abin da ido zai gani."

Sai na zauna na haɗa wata 'yar manhaja. Zanen farko da'ira na yi, na yanka ta gida-gida. Malam Tijjani ya leƙo ya ce kankana ce, ya tambayi wanda ya cinye rabi. Na watsar da ita. Na biyu na zana hardin kamar filin noma in an hango shi daga bisa gada: kowane kashi babbar gona, tsakaninsu shuɗin layi kamar hanyar ruwa. Cikin gona kowace folda fili ce, girmanta daidai da wurin da ta cinye. Na ba kowa launinsa. Hawwa rawaya, Malam Tijjani kore, mudir ja. In ka danna fili, abin da ya fi girma a cikinsa zai buɗe.

Da zanen ya fito, gonar mudir ja ce wur, ta cika maƙil. Gonar rajista kuwa, ga ɗan rawayan Hawwa a lungu kamar fangalin albasa, sauran duk ja. Folda ce guda mai suna "Muhimmi".

Na same shi a ofis na ce, "Kawu, na gama. Amma da ka zo na nuna maka kai kaɗai tukuna."

"A'a! Gaban kowa. Mai laifi ya ji kunya gaban kowa."

"Kawu, ka dai fara gani."

"Ke ɗiyar nan, kare Hawwa kike son yi? Bayan fatur za a nuna."

Na yi iyakar ƙoƙarina, Allah shaida ne. Amma tunda gaskiya nake faɗa muku, kafin su shigo na murɗa lasifikar kwamfutar har ƙarshe.

Bayan mun yi fatur ɗin, wato karin kumallo na wake da burodi, aka taru, har da wasu dattawan manoma biyu da suka zo neman jerin ruwa. Hawwa na tsaye a baya, idonta ya yi ja. Ban yi wani dogon bayani ba, don dattawan nan suna kallo suka gane. Ɗayansu ya nuna allon da sandarsa ya ce, "To, wannan mai jan ai ya ci iyaka. Ya cika tasa ya shigo ta maƙwabci."

"Shi muke nema," in ji mudir. Bai tambayi launin wane ne ba. Ya janye kujera ya zauna, ya kama maus da kansa, ya danna tsakiyar jan.

Muryarsa ce ta cika ɗakin. Ga shi nan a allo da rawani da sabuwar jallabiya, yana jawabi a bikin girbi na shekarar da ta gabata: "Ya 'yan'uwana manoma!" Akuyar da ke bakin taga sai da ta zabura. Ya yi sauri ya danna wani wuri don ya kashe, sai wani kwafin ya buɗe, mudir biyu suka shiga yi wa juna jawabi.

Na miƙa hannu na kashe. Malam Tijjani ya cusa bakinsa cikin rawani, kafaɗunsa na rawa.

Can mudir ya ce, a hankali, "Ashe wuri suke ci?"

Sai bayani ya fito. Shi da kaset ya saba, wanda in an yawaita kunna shi yake cinyewa. Don kada jawabin ya goge, duk ranar da zai nuna wa baƙo sai ya yi sabon kwafi ya kunna shi, ya bar na asali ya huta. Kawu kuwa mutum ne mai yawan baƙi. Da gonarsa ta cika, ya koma zubawa a rajista.

Abin da ya yi bayan nan shi ya sa har gobe nake ganin girmansa. Ya tashi ya ɗauko takardar nan ya yaga ta, ya ce, "Hawwa, ki yafe mini, na zalunce ki." Ta ce ta yafe, dariya da hawaye tare. Muka bar masa kwafi biyu, don ya ƙi yarda da ɗaya. Kafin la'asar jerin ruwa ya fito.

Ni kuma da yamma ya aika wa mahaifina cewa 'yarsa ba ta da kunya, tare da kwandon mangwaro.

Abin da na koya shi ne, wanda bai gane lambobinka ba, ba wawa ba ne, kai ne ba ka yi masa magana da abin da ya sani ba. In ka zana masa daidai, zai gano gaskiya da kansa kafin ka buɗe baki. Sai dai zane ba ya sakaya magana. Shi ya sa nake gaya muku ku matasa, kafin ku sa wa kowa launi a allo, ku tabbata ya san nasa kafin a tara jama'a.